Ashe Oga Yana Kan Kujera

Jama'a, ku yi mini jaje. Abin ya faro ne daga layin mai a Wuse, ana gab da faɗuwar damina. Na shiga layi tun rana ba ta yi zafi ba, ban ga bakin famfo ba sai da aka kira la'asar. Ina isowa mai zuba man ya dube ni, ya dubi tsohuwar motata, ya rataye tiyo. Wai wanda ya rage na manya ne. Kafin in buɗe baki sai ga jiniya, baƙaƙen motoci suka shigo ta ƙofar fita, aka cika musu har da jarkoki, mu kuwa an ce mana jarka haramun ce. Na cire hula na yi wa masu girma addu'ar ƙarin lafiya. In ba su sha mai ba, wa zai je ya shaida wa duniya cewa arzikinmu na bunƙasa?

Ba ni kaɗai ba ne a motar. Maƙwabcina Thaddeus, mai shagon intanet a gangaren unguwarmu ta Mpape, ya liƙe mini, da sharaɗin in na samu mai zai zuƙi kaɗan ya ba janaretonsa. Thaddeus magidanci ne, furfura ta fara leƙowa a gemunsa, amma in ka gan shi gaban kwamfuta sai ka rantse iskoki ne suka hau shi. Akwai wani wasa da suke yi ta intanet na yaƙi da dodanni. Kana Mpape, abokin yaƙinka yana wata uwa duniya, ba ku taɓa ganin juna ba. Na sha yi masa tsiya a kan abin. Ranar dai ba ni da wurin gudu, sai ya tsare ni da karatu.

"Malam Saleh, ba wasan yara ba ne fa," in ji shi. "Kafin ka fara sai ka zaɓi ko kai wane ne. Kuma aikin da ka zaɓa, shi za ka yi."

Wai akwai mai garkuwa. Shi ne a gaba, aikinsa ya tsokani dodo har dodo ya bar kowa ya yi ta jibgarsa shi kaɗai. Akwai boka, mai jifa da wuta da ƙanƙara daga nesa, amma jikinsa ba ƙwari, mari ɗaya ya zube. Akwai ɗan sane, mai layar zana, wanda ke ɓacewa ya buɗe kwado ya soki dodo ta baya. Sai babbansu, mai magani. Shi ba ya dukan kowa. Yana tsaye a baya, idonsa a kan lafiyar kowa, da ya ga taka ta yi ƙasa sai ya ɗaga sanda ya cika maka. Ko mutuwa ka yi, wai yana iya tashe ka.

Na ce a'uzubillahi. Ya ce, "A kwamfuta ne, Malam, kwantar da hankalinka."

Na ce to, in mai maganin ya ƙi yin aikinsa fa?

"Sai sauran su danna maɓalli su kore shi."

"Yaushe?"

"Nan take."

Na sake tambaya, ko ban ji daidai ba. Nan take? Ba sai an jira shekarun da ake jira ba, ba rabon atamfa, ba sabulu? Ya ce ko ɗaya. Wallahi a nan na fara ganin girman wasan nan.

Daga nan ya shiga yabon mai maganin ƙungiyarsu, wani mai kiran kansa Ruwan Sanyi. Ba su san ko waye ba. "Amma mutumin Allah ne, Malam. Litinin zuwa Juma'a, daga safe har yamma, yana nan. Bai taɓa cewa an ɗauke masa wuta ba, bai taɓa cewa intanet ya yanke ba. In yana bayanka ba ka mutuwa. Ina jin Bature ne."

Ku riƙe sunan nan, za mu dawo kansa.

Yanzu ga abin da ke cin ranmu a unguwa. Akwai kwalbati a ƙasan layinmu da ya karye tun tuni, manyan motocin dutse suka taka shi ya rufta. Duk ruwan da ya gangaro daga tudu, maimakon ya bi ta ciki, sai ya karkata ya riƙa cin gindin ginin Asibi. Asibi mai tuwo ce, ita ke ciyar da rabin 'yan fasa dutsen unguwar, kuma ɗakin kwananta da madafinta da rumfar da ake cin abinci duk a jikin bango ɗaya suke. Bara ruwa ya ci ƙasa har ana ganin harsashin ginin. Ko makaho ya shafa ya san bangon nan ba zai ga ƙarshen wata damina ba. An ba da kwangilar gyara, ba mu musa ba, ga allon nan tsaye da hoton mai girma yana murmushi. Allon ma ya yi tsatsa ya karkace, murmushin ne kawai bai gaji ba.

Muka yanke shawarar zuwa ofishin da abin ke hannunsa. Ba zan faɗi sunansa ba, ina da iyali. Mun sha zuwa a ɗaiɗaiku ana koro mu, sai Thaddeus ya ce laifinmu ne, muna shiga gidan dodo ba tsari. Ya zaunar da mu a rumfar Asibi ya raba mana aiki.

Shi ne mai garkuwa, zai tsaya gaban sakatariya ya sha duk zagin da za ta yi. Malam Enoch, tsohon hedimasta, shi ne boka, zai riƙa jifa da manyan kalmomin Turanci daga nesa. Ilyasu mai gyaran esi, na'urar sanyaya ɗaki, shi ne ɗan sane, domin a garin nan duk wanda ya saɓa tsani ya riƙe akwatin sifana, ba mai tambayarsa ina za shi. Asibi ita ce mai magani, ta cika kula da kunun zaki. Na ce ni fa? Thaddeus ya dube ni sama da ƙasa ya ce ba a ƙirƙiro ajin masu surutu ba tukuna, in bi Ilyasu in riƙe masa tsani.

Asibi ta ɗaure gyale ta ce, "Ni dai ku taimaka mini. Ko wasan 'yar tsana ne zan yi, in dai bangona zai tsaya."

Muka isa. Kai, jama'a! Ashe masu ƙera wasan nan ba su san komai ba, da sun zo Abuja sun ɗauki darasi. Mai gadin ƙofa kaɗai yana da tsafin da ke mai da magidanci ƙaramin yaro: sai da Malam Enoch, mai jikoki, ya kira shi yallaɓai. Ita kuwa ranki ya daɗe sakatariya, tata baiwar ta daskarar da lokaci ce. Ta ce "ku jira" sai agogo ya tsaya. Ta ce "ku dawo gobe" sai goben ta ƙi zuwa. Malam Enoch ya gyara tabarau ya saki wata kalma mai tsawon igiyar guga. Ko gezau. Ta ɗago daga yankan farce ta ce, "Baba, me kake sayarwa?" Boka ya zube a kujera, Asibi ta miƙa masa kunu.

Thaddeus ya matsa gaba ya ce Oga muke son gani. Ta ce, "Oga is not on seat," wai Oga ba ya kan kujera. Ya ce ga motarsa a waje. Ta ce mota ce ke sa hannu? Ya ce ga direbansa yana cin gyaɗa. Nan fa ta miƙe. Ta wanke shi tas, ta haɗa da unguwarmu, ta ce mu da muka yi gini a kan dutse kamar awaki har muna da bakin neman kwalbati. Thaddeus ya harɗe hannu yana sha, har da gyaɗa kai. Ban taɓa ganin mutum yana jin daɗin zagi haka ba. Dodon namu, wato sakatariya, ya koma kan Thaddeus gaba ɗaya, ni da Ilyasu muka saɓi tsani muka wuce ta bayanta. Ko kallo ba mu ishe ta ba.

Muka tura ƙofar Mai Girma, Garkuwan Kwalbatoci, Sarkin Yaƙin Magudanai, wanda aka ce ba ya kan kujera.

Yana kan kujera. Wallahi ban taɓa ganin mutum a kan kujera kamar yadda bawan Allahn nan yake a kanta ba. Ya tuɓe babbar riga ya rataye, ya ture hula ƙeya, ya toshe kunnuwa da abin sauraro, sanyin ɗakin kamar cikin firij amma gumi yake. Yatsunsa na rawa a kan maɓallai. Yana ta faɗa da ƙarfi, "Ku dawo kusa da ni! Kai mai garkuwa, kada ka matsa! Ba wanda zai mutu ina nan!"

Ilyasu ya kafa tsani ƙarƙashin esi, ni kuwa na leƙa allon kwamfutar. Ga wani dodo mai fukafukai yana aman wuta. Ga wasu 'yan mutane suna gudu. Ga wani mai farar alkyabba a baya yana ɗaga sanda, haske na zuba a kan duk wanda ya jikkata. A saman kansa an rubuta sunansa: Ruwan Sanyi.

Tirƙashi! Ashe Baturen Thaddeus da man gwamnati yake ceton rayuka.

Na yi gyaran murya. Na ce ranka ya daɗe, mu mutanen Mpape ne, a kan maganar kwalbatin nan ne, akwai wata baiwar Allah da bangonta ke shirin faɗuwa, ga damina ta kawo kai. Ya ɗan ɗaga abin kunnen gefe ɗaya, bai ko juyo ba.

"Haba malam! Ba ka da tausayi ne? Ba ka ga mutane na mutuwa ba?"

Na rantse muku haka ya ce. Kuma ba da wasa ya faɗa ba, idonsa har ya kawo ruwa. Na tsaya riƙe da ƙafar tsani, raina ya ɓaci irin ɓacin da ban san ina da shi ba. Da mugu na tarar, da na san yadda zan yi da zuciyata. Amma mutumin nan ya san aikin. Ya san a tsaya a lura da wanda ke gab da faɗuwa, ya san a kai masa ɗauki kafin ya faɗi, ya san ba a cewa mai zubar jini ya dawo gobe. Duk ya iya. Mu ne dai ba mu cikin kwamfuta.

Da dodon ya faɗi, ya yi kabbara, ya share gumi, sannan ya tuna da mu. Ya ce maganar kwalbati tana ransa ƙwarai, har ma ya kafa kwamiti. Wannan ita ce baiwar da ta fi ta kowa: ya ɗaga hannu kawai sai mutane su bayyana kewaye da tebur, su sha shayi, su ci naman kaza, su ɓace. Ya kuma roƙi Ilyasu, tunda ya zo, ya duba esin, wai ba ya sanyi sosai.

Ruwan farko mai ƙarfi ya sauka wata ranar kasuwa da hantsi. Allah ya sa Asibi ta tafi sayen kayan miya. Ta dawo ta tarar bangon ya kwanta, madafin ya bi ruwa, manyan tukwanenta suna can ƙasan kwari cike da laka. Ba ta yi ihu ba. Ta tsaya da ledar tattasai a hannu tana kallo, sannan ta ce, "Malam Saleh, yau 'yan dutse me za su ci?" Na ji kunya kamar ni na karya kwalbatin. Yanzu tana Tungan Maje wurin ƙanwarta, tana kwana a tsakar ɗaki da 'ya'yan mutane.

Na wuce shagon Thaddeus a fusace. Na tarar da shi gaban kwamfuta, ga farar alkyabbar nan a bayansa tana zuba masa haske. Tun ranar da muka je ofis na faɗa masa waye Ruwan Sanyi. Na ce ai ka ce akwai maɓalli. Danna. Ku kore shi nan take, ko a nan ma ya ɗanɗana.

Thaddeus ya sosa ƙeya. Ya ce ya faɗa wa sauran 'yan ƙungiya, sun tattauna.

"To?"

"Malam, ka gane... irin mai maganin nan wuyar samu gare shi. Wa ke da wuta da intanet kullum kamar shi? In muka kore shi, wa zai riƙa tashinmu?"

Na zauna a benci. Na dubi mutumin da ya sha zagi saboda Asibi, na ga da gaske yake, kuma na ga fuskarsa ta yi kama da tawa ranar da na karɓi atamfar 'yan siyasa lokacin zaɓe na kai wa uwargida.

Saboda haka ga shawara kyauta ga duk mai neman ganin wani mai girma a garin nan. Kada ka ɓata takalminka zuwa ofis. Je shagon Thaddeus, zaɓi mai garkuwa, ka tsaya dodo ya tattaka ka. Kafin ka ƙifta ido za ka ga Oga ya sheƙo a guje da sanda, yana tambayar ina ke maka ciwo. In ya sunkuyo kanka, don Allah ka gaishe shi, ka ce Asibi na tambaya ko sandar tana tashin bango.