Rasuwar Mai Murya Sittin

Da zuciya cike da baƙin ciki, da ɗan fushi a ciki, ni Favour, mai kaɗa jitar bes a ƙungiyar mawaƙan majami'armu a Mubi, nake sanar da rasuwar na'urar canza sautina, Mai Murya Sittin. Ta rasu ranar Asabar a Uba, a tsakiyar bikin aure, tana da shekara biyu.

Lokacin da zan saye ta, Joel mai piyano ya ce in ɗauki ƙananan fedal ɗaya-ɗaya, waɗanda ake takawa da ƙafa, kowanne da aikinsa. Idan ɗaya ya mutu a cire shi, sauran su ci gaba. Na ƙi. Na zaɓi wadda ta haɗa komai a ciki ɗaya, domin tana da wurin sa iyafis, abin sauraro na kunne. Da ita na koyi kiɗa a ɗaki, babu wanda ya ji kuskurena. Ta kuma san ban iya jure idon mutane, shi ya sa nake tsayuwa a bayan mai ganga.

Ciwonta ya fara da mantuwa. Sai in ajiye murya yau, gobe ta ce ba ta san zancen ba. Na rufa mata asiri, ban gaya wa kowa ba.

Ita kuwa ba ta rufa mini ba. Amarya na shigowa, ana waƙa a hankali, na taka ta sau ɗaya. Maimakon "dum, dum" ɗin da muka saba, sai ta yi "kwaaak, wiu-wiu" kamar kwaɗo a cikin bokiti. Duk majami'ar ta juyo, har fasto. Tana ganin haka ta kashe fitilarta, ta tafi da muryoyi sittin ɗin gaba ɗaya, ko guda ba ta bar mini ba. Na tsaya riƙe da jita har aka gama waƙar.

Ta bar jita ɗaya, wayar haɗi biyu, adafta, da jakar da ƙawata Habibat ta ɗinka mata.

Za a kai gawar wurin mai gyara a kasuwa ranar Laraba, a cire abin da zai amfani wasu. Ranar Lahadi zan sa wayar jita kai tsaye a amfilifaya mai ƙara sauti, kowa ya ji yatsuna yadda suke. Ba za a yi zaman makoki ba, saboda idan aka taru, ni za a riƙa kallo. Mai ta'aziyya ya turo saƙo.