Ranar da Sabi'u ya zaɓe ni

Ba zan taɓa mantawa da daminar da na tashi cin injin feshi, na ɓuge da cin mutuncin kaina ba.

Ni mai cajin waya ne a garinmu Turawa, ina kuma ɗan taɓa noman gyaɗa. Muna da guruf a waya na manoman Karaye da Rogo. Shugaban guruf ɗin, Malam Nura malamin firamare, ya kawo gasa: kowa ya turo hoton gonarsa a yi zaɓe, wanda ya ci a ba shi injin feshi. Aka tace, aka bar mu biyu, ni da Sabi'u na Jajaye. (Gonarsa ta fi tawa, kowa ya sani. Hoton nawa ma daga kusurwar da ciyawa ta ƙyale na ɗauke shi.)

Ranar kasuwa wayoyi suka cika min tebur, Shaiɗan kuma ya zo ya zauna kusa da janareto. Rabinsu ba makulli, sauran ni na sa musu makullin da hannuna. Ni ba na bin suna, karatuna bai kai can ba. Lamba nake manna wa kowace waya da salatif. Na dinga ɗauka, in shiga guruf, in dangwala wa kaina, in mayar kan caji. Wadda na tarar an zaɓi Sabi'u, in juya ta. A zatona irin zaɓen gwamnati ne, ka dangwala ka naɗe, ba mai sanin wa ka yi.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci aka taru. Na sha farin kaftani, har da buhun da zan sako injin.

Malam Nura ya ce, "Mai caji ne a gaba. Amma tunda wayar tana nuna sunan kowa, bari in karanto waɗanda suka zaɓe shi, a yi musu godiya."

Ya fara da Liman.

"Ni?" in ji Liman. "Ai na faɗa ba zan zaɓi kowa ba, duk 'ya'yana ne."

Malam Nura bai ko ɗago kai ba. "Sai kuma Sabi'u Jajaye."

Sabi'u ya miƙe, ya gyara hularsa.

"Jama'a, ashe ni ma gonar tawa ba ta burge ni ba. Mai caji, Allah ya saka da alheri da ka gyara min ra'ayi. Sai dai ranar rabin caji ka ba ni. Ashe aiki ne ya yi maka yawa."

Aka kwashe da dariya, har Liman. Aka miƙa wa Sabi'u injin. Ni kuwa na ninke buhuna kamar dama na shimfiɗa na kawo.

Tun daga ranar, mai kawo caji sai ya kashe wayarsa, wani har ya zare layin ya jefa aljihu yana kallon idona. (Matata ma maƙwabta take kai tata.)

Na dai koyi cewa waya ba ta da kara. Abin da ka yi a ɓoye, da sunanka take ajiye shi. Bana tsutsa ta shiga gyaɗata, na cire kunya na je aron injin wajen Sabi'u. Ya ce ba komai, yaya, amma sai an yi zaɓe a guruf tukuna.