Rasuwar Doña Morada, Saura Kwana Huɗu Gasa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannun dama da ya rasa abin riƙewa, ni Yorgelis Urdaneta ta Maracaibo nake sanar da rasuwar ƙwallona ta bolin (wasan mirgina ƙwallo a kayar da sanduna), Doña Morada. Ta rasu ranar Talata da hantsi a tanderun kicin ɗinmu, tana da shekara huɗu da nauyin laba goma sha huɗu.

Mahaifina ne ya aiko ta daga Chile, aka huda mata ramuka uku daidai yatsuna, ba ta shiga hannun kowa sai nawa. Baiwar Allah ce mai kawaici. Takan bi gefen layin katako har a ce ta faɗa kwata, sai ta karyo kwana ta kwashe sandunan nan goma. Ba ta da magana sai "gurrr", sannan "kwaram!"

Jinyarta ta faro ne daga shan mai. Man da ake shafa wa layi ya cika mata ciki har ta daina karya kwana, ga gasar zaɓen matasan ƙasa ta ƙarato. Na yi abin da kowane ɗan bolin yake yi a ɓoye: na sa ta a tanderu da 'yar wuta kaɗan don ta yi gumi ta fitar da man, na shiga wanka. Kakata Chinca, ganin an kawo wutar lantarki bayan kwana biyu babu, ta murɗa tanderun har ƙarshe don ta gasa ayaba, ba ta ko leƙa ba. Kalmar marigayiya ta ƙarshe ita ce "ɗas!" Ta rabe biyu.

Kaka ta yi ta'aziyya gwargwadon hali: "Ke 'yar nan, wa ya taɓa gasa dutse? Ni da na ga zai ciyu, da na sa masa cuku." Daga nan ta fashe da kuka. Kocinmu Don Eudomar ya juya gawar ya ce, "Sau nawa zan faɗa muku? Ruwan ɗumi a bokiti, ba tanderu ba! Ku yaran yanzu kunnenku na ado ne."

Ga matasa masu son wannan wasa da gaske: ku goge ƙwallonku bayan kowane jifa, ku nemi ta biyu tun kafin ku buƙace ta, kuma kada ku haɗa tanderu da kakarku. Sabuwa sai an yi sati shida kafin ta iso. Ta haya kuwa miƙe take tafiya kamar jakin da ya hango gida. A watan gobe zan cika sha takwas, shekaruna sun wuce na gasar ke nan. Babu wani baɗi, kuma raina ya ɓaci ƙwarai.

Ta bar jaka ɗaya, tawul, takalma biyu, da kantar da ta fito min a babban yatsana. Ta kuma bar mahaifina, wanda har yanzu na kasa gaya masa.

Za a yi jana'iza ranar Asabar a gindin mangwaron bayan gida. Kada a kawo ayaba. Za a sa ta a rami da ƙarfe tara na safe, daidai lokacin da za a kira sunana sau uku a wurin gasar a garin Valencia, babu mai amsawa.