Damisar Faraya Ya Buɗe Kakar Zamiya

Duk faɗin Bairut babu mai ɗokin hunturu kamar Ustaz Nadim, shugaban ƙungiyar masu zamiyar ƙanƙara ta unguwarmu, wanda muke wa kirari da Damisar Faraya. Faraya kuwa ƙauye ne a kan dutse, can ake zuwa zamiyar. Allah ya yi wa bawan nan ilmin zamiya. A baki.

Tun ana kaɗe zaitun, hunturu bai ko kama ba, yake ɗaure katakan zamiyarsa a saman mota, ya yi ta zaga gari da su. Da hantsi ya haye rufin bene ya toshe ido da gilashin zamiya, rana ta dafe masa fuska ta bar farin zobe, don a ce daga duwatsun Turai yake. A gidan gahawa kuwa sai lacca.

"Ku yara, gwiwa ita ce sirrin. Allah dai ya kawo ƙanƙara, in nuna muku aiki!"

Ƙanƙarar takan zo duk shekara, amma tare da ciwon bayansa take zuwa.

Bana 'yan ƙungiya suka gaji, suka ɗana masa karramawa: shi zai fara gangarowa ranar buɗe kaka, riƙe da tuta, in kuwa ciwon bayan ya motsa, a sake shugaba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya.

Dutse ya yi fari tas. Muka haura Faraya, har da matarsa Sit Wadad da buhun gasasshiyar gyaɗa. Damisa ya bayyana cikin jan kaya kamar barkono, ya hau kujerar lilo mai kai mutane ƙololuwa, yana ɗaga mana hannu. Muka tsura wa gangaren ido.

Ba Damisa, ba tuta. Can wani ya ce, "Kai, ku dubi sama!"

Ga Damisa bisa kujera, ta zagayo da shi tana dawowa, ya ƙanƙame ƙarfe, ido a rufe, tuta a hammata. Ashe da ya leƙa gangaren, ƙin sauka ya yi. Sai da aka tsayar da inji aka ɓamɓare yatsunsa.

"Na duba daga sama," in ji shi. "Ƙanƙarar bana ba ajina ba ce."

Sit Wadad ta ɓare gyaɗa ta jefa baki. "Ku bar masa kujerarsa, jama'a. Kun dai ga ba ya iya sauka daga kanta."