Ranar da Na Yi Wa Zanen Madam Tofi

Har in koma ga Mahaliccina ba zan taɓa mantawa da ranar da aka kama ni ina yi wa zane tofi ba.

Lokacin ina kula da wata tsohuwar Baturiya a unguwar Irving Park, can ƙasar waje, aikin da ke riƙe da ni da yarana. Madam ta ƙare ƙuruciyarta tana koyar da tarihin zane-zane. A falonta, inda ba a ɗaga labule ko da rana tsaka, akwai wani zane da ya haura shekara ɗari: budurwa fara fat a bakin kogo, riƙe da ɓarin ruman, bayanta kare mai kai uku. Duk inda na tsaya ina shara, idonta na kaina.

Wata rana Madam ta fassara mini shi. Ta ce tatsuniyar Girkawa ce. Sarkin matattu ne ya sace yarinyar, ta ci ruman a ƙasarsa, shi ke nan ta zama tasu. Kogon kabari ne, jan ruman kuma jini. Wanda ya ci abincin can, ya yi sallama da gida.

Washegari sai ta miƙo mini 'ya'yan ruman a faranti, tana murmushi. Ni kuwa kakata ta hana ni cin abincin da ban yarda da shi ba, ko a mafarki. Na faki idonta na juye a aljihu. Da abin ya zama kullum, na kira Anti Hadiza, wadda ta samo mini aikin.

"Ke, wannan ba art ba ne, akwai mai shi a ciki," in ji ta. "Ki tofe shi kafin shift ɗinki ya ƙare."

Madam na yin barcin rana na hau kujera, na karanto duk abin da na haddace (har da addu'ar shiga banɗaki, tsoro ba ya zaɓe), ina tofa wa budurwar a fuska. Ban ji buɗe ƙofa ba. Ina waiwayowa na ga 'yar Madam da wani masani da ta kawo ya duba zanen, sun saki baki. Na diro a rikice, ruman da ke aljihuna ya warwatse a farin kafet.

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. 'Yar ta ce in tattara kayana. Sai ga Madam ta dogaro sanda, ta saurari kame-kamena, ko dariya ba ta yi ba. Ta ce babu mai korata.

"Kin fahimci zanen," ta ce a hankali. "Duk wadda aka kawo mini tafiya take yi. Ke na so ki zauna."

Har yau ban san ko wasa take ba. Na dai zauna, a hannuna ma ta cika.

Abin da na koya: in an fassara miki zane, gyaɗa kai ki ci gaba da shara. In kuma tofin ya zama dole, fara kulle ƙofa.