Dakta Pindar da Akuyar Mama Rose

Duk unguwarmu ta Moduganari babu mai ilimin Dakta Pindar. Katangarmu ɗaya da shi, don haka ilimin nan har tsallakowa yake yi ya same ni ina alwala, ni da na tsaya a aji uku.

A wani ɗakin binciken magunguna yake aiki, can bakin gari. 'Yan baƙin ciki suna cewa wai shara kawai yake yi da ciyar da fararen ɓeraye. Ƙarya suke yi. Yana kuma wanke musu keji. Farar rigar aikin nan kuwa ba ya rabuwa da ita. Da ita yake hawa keke, da ita yake zuwa coci, biro uku a aljihu, biyu ba sa rubutu.

A shekarar tamanin da takwas manyan wurin suka fara gwada wani magani a kan ɓerayen, Dakta yana riƙe musu wutsiya. Daga nan muka shiga uku. In an taru a gindin dogon yaro sai ya gyara tsayuwa:

"Ku ba ku sani ba. Ƙwaƙwalwa kamar gidan waya take. Akwai wani masinja a ciki, serotonin sunansa. Ya ƙwanƙwasa ƙofa, ƙofa ta buɗe, saƙo ya tafi, jiki ya saki sinadari. Maganinmu yana buɗe ƙofar ko ya kulle ta. Har sinadarin da ke kawo nono muna tayarwa. Ni da farfesa mun gama magana."

Wannan ta nonon ce ta shiga kunnen Mama Rose mai ƙosai. Akuyarta ta haifi tagwaye, kwana biyu ko ɗigo bai fito ba. Mama Rose tana ɗura wa 'ya'yan akuyar koko da cokali suna mayarwa, har sun daina kuka.

Dakta ya zo da sassafe da 'yar kwalba kamar ɗan yatsa. Ya sa muka ja baya taku uku. Ya ɗiga wa akuya ɗigo ɗaya tak a baki, daidai awon ɓera, don shi ne awon da ya sani. Ya duba agogo ya ce minti talatin.

Awa ta wuce. Akuya tana tuƙa tana kallonsa. Mama Rose ta fara share ido da bakin zane.

"Saƙo yana hanya," in ji Dakta.

Sai ga Ya Kaltum, tsohuwar Shuwa mai tallan nono. Ta sauke ƙwarya, ta tsuguna, ta taɓa hantsar akuyar.

"Ai cike take tam, bakin ne ya toshe. Rose, kawo ruwan ɗumi."

Ta wanke, ta murza, ta matsa. Nono ya yi tsartuwa sai kan takalmin Dakta. Aka kawo tagwaye suka kama, wutsiya na rawa.

Dakta ya sake duba agogo. "Awa ɗaya da minti goma. Saƙo ya iso. Zan kai wa farfesa rahoto."

Ya Kaltum ta ɗago ta dube shi tun daga takalmi har biro.

"Ɗana, su waɗannan ɓerayen naku, ka taɓa tatsar ko ɗaya?"

Dakta ya kama kan keke, ya yi gyaran murya.

"Wannan sashen, Ya Kaltum, ba a buɗe shi ba tukuna. In an buɗe, ni za a ba."