Ranar da Na Saki Fankar Ɗakina

Ko tsufa ya cinye min ƙwaƙwalwa, ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin nan ba. Lokacin ina rubuta wasan kwaikwayo na rediyo, kuma na riga na ɗora wa kaina cewa ni mai fasaha ne. Na bar gashi ya yi tsiri-tsiri, ana magana ina kallon sama, in an tambaye ni in ce ilhama nake jira.

Ina da wata ɗabi'a da nake alfahari da ita: duk maganar da na rubuta sai na faɗe ta da ƙarfi na ji yadda ta zauna a baki. Matar da ke cikin wasan kuwa na sa mata Hadiza, sunan matata (wai don maganar ta fito daga zuciya).

Ran nan Hadiza ta tafi kitso. Na kai wurin da miji zai rabu da matarsa, sai na tsaya tsakiyar ɗaki na fuskanci fanka na daka tsawa: “Hadiza, na sake ki!” Bai yi min ba. Na sake faɗa da sanyin murya. Na faɗa da kuka. Har tabarma na buga.

Na manta katanga ɗaya ce tsakaninmu da Maman Ladi, maƙwabciyarmu a unguwar Takur, ma'aikaciyar gwamnati da ta ɗauki Hadiza kamar 'yarta. Ashe baiwar Allah ta ji komai, tana kuka ta kira surukina a waya can garin Jahun.

Bayan la'asar sai ga Baba da limamin unguwarsu sun sauka daga mota. Hadiza ta dawo da sabon kitso ta tarar ana maganar iddarta.

Na durƙusa na ce, “Baba, wallahi wasa ne, aikin fasaha ne.”

“Da auren 'yata kake fasahar?”

Liman ya ce, “Malam, sau nawa ka furta?”

Da ina da hankali da na yi shiru. Sai na ji bakina ya ce, “Allah gafarta Malam, ban ƙirga ba, muryar da ta dace nake nema.”

Baba ya yi salati. Hadiza ta zauna daɓas. A lokacin ne tsoro ya kama ni da gaske, don na ga aurena yana lilo, kuma ina son matar nan.

Liman ya ce in nuna yadda abin ya faru. Haka na miƙe gaban surukina, na nuna inda na tsaya da inda fanka take, na karanta wasan tun daga farko ina yin muryar mace da ta namiji. Da na zo wurin sakin, liman ya ɗaga hannu: “Tsallake nan!”

Ya yi ta tambayoyi, daga ƙarshe ya ce labarin wani nake bayarwa, aure na nan, amma in ji tsoron Allah in canja sunan. Baba bai yi dariya ba. Da zai fita ya dubi fankar ya ce, “Ita kuma wannan sai ka mayar da ita.”

Tun daga ranar nake rubutu bakina a rufe, kuma ba a ƙara sakin kowa a wasannina ba. Duk rigimar da aka yi sai an shirya. Yanzu masu sauraro har yaba min suke, wai ni marubuci ne mai kishin zaman aure. Hadiza kan ji, ta kalli fanka, ta kalle ni.